Taya Biyu da Na Kai Wa Kawu Bala Arlit

Tun ranar da na koma aiki abokaina suka hana ni sakat. Wanda na haɗu da shi a bakin ɗakin karanta labarai sai ya tambaye ni ko gaskiya ne a Arlit har lebura tuffa yake ci. Wani kuma so yake ya ji ko na ga yuraniyom da idona, da irin launinsa. Na gaji da maimaitawa, saboda haka ga shi a rubuce sau ɗaya. Ban ga yuraniyom ba. Tuffa na gani, a hannun wani mai gadi. Abin da ya kai ni kuwa tayar babur ce guda biyu.

Kawu Bala ƙanen mahaifiyata ne, malamin dabbobi. Ya yi ritaya, ya ƙi zama. Da aka fara haƙar ma'adinai a can arewa, gari ya tashi a inda babu ko bishiya, makiyaya suka matso da dabbobinsu, shi ma ya hau babur ɗinsa ya bi dabbobin. Babur ɗin tsohon ƙirar Ingila ne, baƙi, mai nauyi. A kansa yake zagaya zangunan Abzinawa wajen Dannet yana duba raƙuma da awaki.

Bara ya faɗi sau biyu. A na biyun ya karye a kafaɗa. Inna ta sa aka yi ta rubuta masa ya dawo gida, har dai ya aiko da amsa. Ya ce babur yana masa layi a cikin rairayi, ya kasa riƙe shi kamar da. A aiko masa da taya irin waɗanda babur ɗin ya zo da su. In ya hau da su bai ga canji ba, ya yarda hannunsa ne ya ƙare, zai biyo wanda ya kawo tayar.

Inna ta kira ni ta ce, "Ka kai masa. Ya hau ya ga ba taya ba ce, tsufa ne, ka sa shi gaba ku taho. Mutum ya haura sittin yana ta kokawa da rairayi kamar marar kowa."

Kawu ya kwafo lambobin daga ɗan littafin babur ɗin: ta gaba uku da kwata, sha tara, ta baya uku da rabi, sha tara. Lambar farko faɗin taya ce a inci. Ta biyu kuma girman rim ne, wato zoben ƙarfen da taya take hawa. Ta farko ana iya ɗan kauce mata in akwai sarari. Ta biyu ba a ciniki a kanta. Ya kuma ce ta gaba ta zama mai zane a tsaye, mai bin hanya sak, ta baya mai gida-gida, mai kama ƙasa.

Mai sayar da taya a Sabon Gari ya karanta takardar ya miƙo mini abata.

"Ranka ya daɗe, ai wannan tayar zamanin Turawa ce. Arlit ka ce? Duk mai zuwa can wannan yake ɗauka." Ya turo wata ƙatuwa mai ƙulle-ƙulle kamar bayan kada.

Na ce, "Sha nawa ce?"

"Sha takwas. Inci ɗaya ne fa tsakani. Da sabulu da ƙarfe biyu za ta shige."

Na ce in ta shige wayar bakinta za ta tsinke, ya ce Allah ya kiyaye, kamar ni ne na kawo maganar tsautsayi. Sai da na juya zan fita sannan ya tuna yana da sha tara a ƙuryar shago. Ta farkon da ya ɗauko na lanƙwasa gefenta, ta nuna tsaga ƙanana birjik. Ba a taɓa hawanta ba, amma ta tsufa a zaune. Wasu biyun da ya ɗauko suna naɗe da takarda, na danna farce roba ta amsa. Na ɗauke su, da tif uku, wato robar ciki mai riƙe iska, ɗaya na ko-ta-kwana.

Daga Kano zuwa iyaka babu abin faɗi. Kafin mu isa wani fasinja ya ba ni shawara in sauka in mirgina tayoyin a ƙasa su yi datti, haka kowa yake yi don kada a ce haja ce. Na ƙi. A ɓangaren Faranshi ma'aikacin duwan, kwastan ɗinsu ke nan, ya dube ni ya dubi kayana.

"Ina moto?"

"Yana Arlit."

"Taya ba moto, haja ce."

Na ba shi wasiƙar Kawu. Bai karanta ba. Ya ɗaga ta gaba da yatsa biyu, ya kira abokin aikinsa, suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango. Suka yanke hukunci cewa babu mahaukacin da zai sayi siririyar taya irin wannan a ƙasarsu, saboda haka ba haja ba ce. Aka buga mini hatimi. Mai shawarar mirginawa kuwa muka bar shi yana bayani a kan rediyoyi huɗu da ya ce duk nasa ne na saurare.

A Damagaram na sauka a zauren wani mai masaukin fatake kusa da tasha. Mutanen kirki ne, Hausarsu kamar tamu, sai dai burodinsu dogo ne kamar sanda, in ya kwana kuma ya zama sandar sosai. Da tsakar rana gari yake rufewa, kowa ya kwanta, har mai ba da tikiti. Suna ƙirga lokaci har ƙarfe ashirin da huɗu, abin da ya sa na zaci masu kiyaye shi ne. Direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce da ƙarfe takwas za mu tashi. Bai yi ƙarya ba sai a rana. Washegari bayan la'asar muka tashi.

Mun hau kan buhunan albasa da siminti, mu wajen talatin. Yawanci masu neman aiki ne daga Maraɗi da Tawa da Sakkwato, babu wanda aka ɗauka tukuna, amma kowa ya riga ya zaɓi launin babur ɗin da zai saya. Duk sun yarda a kan abu ɗaya: girman taya shi ne girman mutum. Suka riƙa kirana ɗan Ingilishi mai tayar keke. Wata mata ta ga raina tayar bai hana ta amfani ba, ta zaunar da tukunyar man shanunta a tsakiyar ta baya. Na gaya mata maiƙo yana ɓata roba. Ta ce ai robar ce za ta ɓata mata mai. Na ciro rigata ta canji na shimfiɗa tsakaninsu, muka rabu lafiya.

Bayan Tanut hanya ta zama ra'ayin direba. Kusa da Adarbisnat tiyon ruwan injin ya fashe. Direba ya hawo sama yana duban kayan mutane, idonsa ya tsaya a jakata.

"Ɗan Ingilishi, tif nawa gare ka?"

"Uku."

"Taya nawa?"

"Biyu."

Ya miƙo hannu. Na dubi mutum talatin, na dubi dajin da babu inuwa, na ba shi. Ya yanka shi tsiri-tsiri ya ɗaure tiyo. Aikin ya riƙe har Arlit, wannan kam na shaida masa.

A Agadas na sha furar Abzinawa, wadda ake damawa da cuku da dabino. Ta fi tamu riƙe ciki. Shayinsu sau uku ake zubawa a ɗan kofin da bai kai kurɓa biyu ba, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Mai gidan da ya sauke mu bai tambayi tayoyina ba ko sau ɗaya. Shi ne mutum na farko da na girmama a tafiyar.

Arlit gari ne da aka jera mutane bisa muƙami, kamar kaya a kanti. Turawa can da ciyawarsu da ake ba ruwa, sai manyan ma'aikata, sai leburori, sai sauran jama'a a gidajen da aka haɗa da gwangwanin duro da kwali. Motocin ma'adinai suna kwasar mutane da safe su maido su da yamma. Kowa shef ne, wato oga. Mai gadi shef, mai wanki shef, wanda ya taɓa riƙe wa shef ƙofa shi ma shef. Babura sababbi fil suna ta zarya tsakanin shago da mai shayi, tafiyar da ba ta kai jifa ba, kowanne da taya kamar zai ƙetare Sahara. Da na sauka na sayi nama a bakin tasha. Mu a gida tsinken itace muke tsirewa da shi. Su da ƙarfe suke yi, kuma da na cinye na duba sai na ga wayar wilin babur ce, da ɗan kanta a lanƙwashe. Na mayar wa mai nama, ban kawo komai a raina ba.

Na sami Kawu ya rame. Abin da ya fi tsaya mini shi ne akwatinsa, a ɗaure da igiya a bayan ƙofa.

Na ce, "Kawu, ai ba a gwada ba tukuna."

Ya ce, "Habu, ni na san abin da nake ji a hannuna. Shekara ashirin yana bin umarnina, yanzu ina ce masa gabas yana leƙa kudu. Tayar nan dai don kada in ce ban gwada ba ne."

A ƙofar ɗakin akwai wani dattijo Ba'abzine mai suna Agali, makiyayi daga wajen Dannet. Raƙumansa uku suna ƙaiƙayi, ya zo tafiya da Kawu, ya tarar da akwati a ɗaure, ya nemi wuri ya zauna. Kwanansa huɗu yana dafa shayi.

Da safe muka tura babur zuwa wurin mai gyaransa, Shef Mamman, mutumin Tawa. Ya taɓa yin wata biyar a garejin ma'adinai, yana wanke motoci kamar yadda na ji daga baya, kuma tun daga lokacin bai tuɓe shuɗiyar rigar aikin ba. Tayar baya da ke kan babur ɗin shi ya sa ta bara, lokacin da Kawu ya kawo masa gyaran wayoyi uku da suka tsinke ya tafi daji a raƙumi. Irin mai bayan kadan nan ce.

Ta gaba ta hau lafiya, ta zauna daram. Ya cire wilin baya, ya fitar da ƙatuwar tayar, ya ɗora sabuwa. Ta shige ba sabulu ba ƙarfe, ta yi lakwam, tana juyawa a kan rim kamar munduwa a hannun ramamme.

Mamman ya tashi ya karkaɗe hannu, yana ɗaga murya don masu shan shayi su ji. "To, ga aikin mutanen Ingilishi! Tun daga Kano anka ɗauko ta, kuma ba tashi ba ta. Malam, ɗanka ya yi kuskuren lamba."

Na ce lambar da aka aiko mini ita na kawo.

Kawu ya zauna a kan benci. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "To ni ne. Har lamba na kasa kwafa daidai. Bar shi, Habu. Gobe mu nemi mota."

Na matsa kusa da wilin. Na ɗauki tsohuwar tayar na goge gefenta: huɗu da rabi, sha takwas. Na karɓi littafin babur ɗin: sha tara gaba da baya, daidai da wasiƙa. Rim ba ya ramewa. In taya sha takwas ta zauna a kansa shekara guda, to ba shi ne rim ɗin da babur ya zo da shi ba.

Na ce, "Shef, wa ya canza rim?"

"Ni niy yi shi. Mi an na? Sha tara babu ta garin ga, sai in bar mutum ƙasa? Na samo mai na zamani. Anasaru na can ciki irin ta su ka sawa. Kai ka taɓa hawan moto cikin rairai?"

"Ka gaya masa?"

"Ya tambaye ni?"

Na tsuguna na ƙirga. Gangar tsakiyar wilin, wadda wayoyi suke tasowa daga jikinta, ramukanta arba'in ne, kamar yadda Ingila suke yi. Sabon rim ɗin talatin da shida gare shi. Ramuka huɗu suna nan fayau babu waya, sauran kuma an ja su kowacce ta nufi inda ta samu. Na nuna masa. Ya ce huɗu cikin arba'in ba komai ba ne, ya taɓa ganin moto da rabin haka ta je Asamaka ta dawo.

Sai Agali ya yi magana, karo na farko tun zuwana. Hausarsa ta mai koyo da girma ce.

"Moto na Malam, ƙafa na baya ba ya bi na gaba. Sawu biyu ne. Da can sawu ɗaya. Tun bara na gani, na faɗa wa wannan."

Mamman ya yi dariya. "Shi wanga raƙumi ɗai ya sani."

Na sa aka mayar da tsohuwar tayar a rim, aka ɗaura wilin. Na ari zare a wurin tela, muka miƙe kan babur, na ja zaren daga gefen tayar baya zuwa gaba, dama da hagu. A dama ya tsaya nesa da tayar gaba da faɗin yatsa uku. A hagu ya manne mata. Dalili bai ɓuya ba. Ƙatuwar tayar ta yi wa wurin faɗi, tana gugar sarƙa, shi kuma maimakon ya cire ta sai ya janye rim ɗin gefe guda da wayoyi har ta daina taɓawa. Ƙafar baya tana bin hanyarta, ta gaba tana bin tata. A kan ƙasa mai tauri daga shago zuwa mai shayi babu mai ji. A cikin rairayi, da akwatin magani a baya, dole ya yi layi ko wa ke riƙe da shi.

Kawu ya tashi ya zo ya kama zaren da kansa. Ya daɗe yana duba.

Ya ce, "Mamman, na zo nan na ce maka yana kaɗa ni. Me ka ce mini?"

Mamman ya shiga neman wani abu a aljihun rigarsa.

"Ka ce shekaru ne. A gaban mutanen nan ka faɗa. Na je na kwanta wata biyu da kafaɗa ina roƙon Allah ya ba ni haƙurin tsufa." Ya saki zaren. "Ina rim ɗina?"

Mamman ya rantse ya jefar tun bara. Ƙishirwa ta kama ni, na je randarsa da ke ƙuryar rumfa na ɗebi ruwa. Ina sha ina kallon ƙasa, sai na ga randar a zaune take a kan wani zoben ƙarfe mai ramuka. Na ajiye moɗa na ƙirga. Arba'in.

Ya ce ya manta. Wayoyin kuma, da aka matsa masa, ya zazzago talatin daga wani gwangwanin madara. Sauran ya ce ya ba mai naman tasha. Ashe da kayan Kawu na yi kalacin isowata. Waɗancan wuta ta gama da su, amma Kawu yana da dozin sababbi a naɗe cikin tsumman mai, waɗanda ya kawo bara Mamman ya ce ba a buƙata.

Ba mu bar masa aikin ba. Muka kai wa wani tsoho Bakatsine mai gyaran keke a bayan kasuwa, wanda masu babur ba sa zuwa wurinsa saboda ba shi da shuɗiyar riga. Ya kankare tsatsa, ya yini yana saƙa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana juya wili yana saurara da ɗan alli a hannu. Da ya gama muka sake jan zare, ya wuce tayar gaba daidai ta kowane gefe. Ya sa tif a hankali, domin ya ji babu na uku, ya kuma bar ƙaramin noti na bakin iska a sake. Ya ce in Kawu ya rage iska don rairayi, ya riƙa duban bakin. In ya karkata, tif ya fara ja, a tsaya a gyara kafin ya yage.

Washegari da hantsi muka fita bayan gari inda rairayi ya fara. Kawu ya ɗaure akwatin magani a baya, ya ce in za a gwada a gwada da gaskiya. Ya buga sau biyu inji ya tashi. Na ga yadda ya ƙanƙame hannu da farko, kafaɗunsa a ɗage, yana jiran abin da ya saba. Ya yi nisa, ya juyo, ya sake komawa, wannan karon da gudu. Agali bai dubi babur ɗin ba ko kaɗan. Ƙasa ya bi yana tafiya a sunkuye, har ya yi taku kamar ɗari, sannan ya miƙe ya ɗaga yatsa ɗaya.

Kawu ya tsaya a gabana bai kashe inji ba. Idonsa ya yi ja, ya ce iska ce.

"Habu, igiyar da ke jikin akwatina na bayan ƙofa ta maƙwabcina ce. Ka kwance ka mayar masa."

Ya ce wa Agali ya hau. Agali ya ce shi da raƙuminsa zai biyo, ya ga abin da ya isa. Haka na bar su.

Dawowa ta fi sauƙi, ba ni da abin tsaro sai kaina. A Kano ban sauka gidana ba, na wuce wurin Inna. Ta leƙa bayana ta ga babu kowa.

"Ina Bala?"

Na ba ta labari kamar yadda na ba ku, da rim da zare da randa. Ta saurara har ƙarshe.

"Na aike ka ka taho mini da ƙanena, ka je ka gyara masa abin gudu."

"Inna, ba tsufa ba ne. Da tsufa ne da na taho da shi."

"Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba."

Ta gyara bakin zanenta. Can ta ce, "Ita tayar, shekara nawa take yi kafin ta cinye?"

Na ce a irin ƙasar can, da wuya ta wuce biyu.

Ta ce, "Allah ya kai mu. In ya sake aiko da lamba, ni za ka kawo wa takardar."